Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Dimokuraɗiyya Take Zama da Gindinta a Wata Ƙasa, a Wata Kuma Ta Rushe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina ganin ƙasashe da dama sun rubuta tsarin mulki, sun kafa hukumar zaɓe, sun buɗe ƙofa ga jam'iyyu, amma bayan 'yan shekaru sai a wayi gari soja sun karɓe mulki, ko kuma shugaban da aka zaɓa ya ƙi sauka. Wasu ƙasashen kuwa sun bi wannan hanyar kuma abin ya ɗore musu. Ina bambancin yake? Shin talauci da ƙarancin ilimi ne silar rushewar, kamar yadda ake yawan faɗa? Daga wani ɗalibi mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da ƙarshen tambayarka, domin nan ne mutane suka fi yin kuskure. Talauci yana wahalar da dimokuraɗiyya, wannan gaskiya ne, domin mai yunwa yana da sauƙin sayar da ƙuri'arsa, gwamnatin da aljihunta ya bushe kuma takan kasa biyan sojanta da malamanta. Sai dai da talauci ne kaɗai ke yanke hukunci, da Indiya ba ta kai labari ba. Lokacin da ta yi babban zaɓenta na farko tsakanin 1951 da 1952, masu haƙƙin kaɗa ƙuri'a sun kai kimanin miliyan 173, mafi yawansu kuma ba su iya karatu ba, har sai da aka ware wa kowane ɗan takara akwatinsa aka manna masa alama domin mai zaɓe ya gane inda zai jefa takardarsa. Jamus kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi kowa ilimi da masana'antu, amma a watan Janairun 1933 aka naɗa Hitler shugaban gwamnati ta hanyar da tsarin mulki ya yarda da ita, kafin ƙarshen watan Maris kuma majalisa ta miƙa masa ikon yin doka ba tare da ita ba.

A nawa nazarin, abin da ya fi raba ƙasashen nan shi ne makomar wanda ya sha kaye. Idan ɗan siyasa ya san cewa faɗuwa zaɓe tana nufin kurkuku, ko ƙwace dukiya, ko mayar da jama'arsa saniyar ware, to zai ɗauki zaɓen ko a mutu ko a yi rai, kuma babu wata takardar tsarin mulki da za ta hana shi maguɗi. Idan kuwa ya san cewa zai koma gidansa lafiya, ya ci gaba da sukar gwamnati, ya sake tsayawa bayan shekara huɗu ko biyar, to rungumar ƙaddara takan fi masa arha.

Dubi Gana. A zaɓen 2008 tazarar da ke tsakanin John Atta Mills da Nana Akufo-Addo, ɗan takarar jam'iyya mai mulki, ba ta wuce ƙuri'a dubu arba'in da 'yan kai ba, har sai da ƙasar gaba ɗaya ta zauna jiran mazaɓa guda, wato Tain, wadda ta yi nata zaɓen a farkon Janairun 2009. Akufo-Addo ya sha kaye, ya kuma amince da sakamakon. A 2012 ya sake faɗuwa, ya kai ƙara Kotun Ƙoli, kotu ta kori ƙarar a 2013, ya sake haƙura, sannan a 2016 ya ci zaɓe. Haƙurinsa na farko yana da ma'ana ne saboda ƙofar ba ta rufe ba. Ka kwatanta wannan da Aljeriya, inda jam'iyyar masu kishin Islama ta FIS ta yi rinjaye a zagayen farko na zaɓen majalisa a Disambar 1991, soja suka soke zagaye na biyu a Janairun 1992 saboda suna ganin nasarar jam'iyyar ita ce ƙarshensu, ƙasar kuma ta faɗa yaƙin basasa na kusan shekara goma. A Gambiya ma, Yahya Jammeh ya amsa shan kaye a Disambar 2016, amma bayan mako guda, a daidai lokacin da wasu 'yan adawa suka fara maganar gurfanar da shi, ya janye amincewarsa, kuma bai bar ƙasar ba sai da dakarun ECOWAS suka matsa masa a Janairun 2017.

A nan akwai wani abu mai ɗaci wanda ba zan ɓoye maka ba. Tabbatar wa masu barin mulki cewa suna da gobe yakan zo da tsada, domin wani lokacin waɗanda aka zalunta ne suke biyan kuɗin. Bayan mutuwar Janar Franco, wanda ya yi wa Sifaniya mulkin kama-karya, a 1975, ƙasar ta halatta jam'iyyar kwaminis a 1977, ta kuma yi dokar afuwa wadda ta saki fursunonin siyasa amma ta rufa wa jami'an tsohuwar gwamnati asiri, har yau kuma akwai iyalan da ba su yafe wannan ciniki ba. Amfanin cinikin ya bayyana ranar 23 ga Fabrairun 1981, lokacin da Laftanar Kanar Antonio Tejero ya kutsa zauren majalisa da jandarmomi kimanin ɗari biyu, suka yi harbi sama, suka umarci kowa ya kwanta. 'Yan majalisa suka ɓuya ƙarƙashin kujeru, ban da mutum uku: Adolfo Suárez, firaminista mai barin gado wanda ya girma a cikin gwamnatin Franco, da mataimakinsa Janar Gutiérrez Mellado, da Santiago Carrillo, shugaban 'yan kwaminis wanda ya shafe shekaru masu yawa yana gudun hijira. Tsofaffin abokan gaba ne, amma a wannan daren kowannensu yana da abin da zai rasa idan tsarin ya rushe. Bayan tsakar dare Sarki Juan Carlos ya bayyana a talabijin sanye da kakin soja ya yi tir da yunƙurin, washegari kuma masu juyin mulkin suka miƙa wuya. Ramukan harsasan suna nan a rufin zauren har yanzu.

Abu na biyu shi ne alƙalan wasan, wato kotuna da hukumar zaɓe, domin wanda ya faɗi ba zai haƙura ba idan ya tabbata alƙali ɗan gidan abokin hamayyarsa ne. Kotun Ƙolin Kenya ta soke zaɓen shugaban ƙasa a 2017, kotun tsarin mulkin Malawi ta yi haka a 2020, a zaɓen da aka sake kuma ɗan adawa Lazarus Chakwera ya kayar da shugaba mai ci. A Senegal, lokacin da Macky Sall ya ɗage zaɓe a Fabrairun 2024, Majalisar Tsarin Mulki ta ce ɗagewar ta saɓa wa doka, aka yi zaɓen a watan Maris, Bassirou Diomaye Faye, wanda bai fi kwana goma da fitowa daga gidan yari ba, ya yi nasara a zagayen farko.

Game da soja da ka ambata, ba na wanke su, domin sau da yawa alƙawarin mayar da mulki ga farar hula yakan zama gafara sa ba a ga ƙaho ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma farar hula ne sukan fara tsaga bangon. Alpha Condé ya yi shekaru yana adawa, an ɗaure shi, ya zama shugaban Gini na farko da aka zaɓa cikin takara ta gaske a 2010, sannan shi da kansa ya sauya tsarin mulki a 2020 domin ya yi tazarce. Da Kanar Mamady Doumbouya ya kifar da shi a Satumbar 2021, mutane da yawa sun fito titunan Konakiri suna murna, cikinsu har da 'yan adawar da suka yi watanni suna zanga-zangar kare tsarin mulkin da Condé ya taka.