Amsa ga Yaya kan motocin gas na Los Anjeles

Yaya, ka tambaye ni yadda aka yi direbobin Los Anjeles suka yarda aka raba su da dizal, ka kuma haɗa da zolayar wai mu na waje son jiki ya yi mana yawa, har hayaƙin mota ke damunmu.

Ai sai da aka yi shari'a a kan lamarin, amma waɗanda suka kai ƙarar ba direbobi ba ne. A shekarar 2000 hukumar kula da tsaftar iska ta kudancin Kalifoniya ta kafa ƙa'ida: duk mai motocin hidimar jama'a 15 zuwa sama, bas-bas, motocin kwasar shara, masu share titi, tasi na filin jirgin sama, in zai sayi sabuwa to ya sayi mai ƙarancin hayaƙi, galibi mai iskar gas. Ƙungiyar masu ƙera injina ce ta garzaya kotu, ƙungiyar kamfanonin mai na jihohin yamma ta mara mata baya. Hujjarsu ita ce ƙayyade hayaƙin sabuwar mota hurumin dokar tarayya ne, ƙaramar hukuma ba ta da ta cewa. A 2004 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya, alƙalai 8, ɗaya ya saɓa. Sai a 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta ce in hukumomin jiha da na birni ne ke saye da kuɗinsu, suna da ikon zaɓen abin da za su saya. Wannan kuwa ko ɗan tireda a Sabon Gari ya sani, mai kaya ba ya tilasta wa mai saye. A farkon 2011 hukumar sufurin Los Anjeles ta ajiye bas ɗinta na dizal na ƙarshe.

Maganar son jiki kuma, ka zo ka ga inda muke zaune. Ba cikin masu kuɗi muke ba. Gidanmu na kusa da babbar hanyar da tireloli ke bi dare da rana daga tashar jiragen ruwa ta Long Beach. 'Yarmu, takwarar Hajiya, da asma ta tashi, abin shaƙa ba ya barin jakarta ta makaranta. Uwarta, wadda har yau kuke kira "Ba'amurkiyar nan" alhali da sunanta, ita ta fara jana zuwa zaman sauraron jama'a da hukumar ke yi. Ita ce dai ta yi jinyar Baba da ya zo asibiti, ta koyi dama kunun tsamiya saboda shi. Yarinyar kuwa in ta gaida Hajiya a waya sai ta durƙusa, ko da ba a ganinta. Hausarta da ɗan gargada, na yarda, amma dariyar da kuke mata na sa ta daina buɗe baki.

Ku can tsadar fetur bayan cire tallafi a 2023 ce ta sa zancen gas ya yi ƙarfi. In gwamnati za ta sayo bas-bas, ku tambayi inda za su riƙa shan gas ɗin da makanikan da za su gyara su tun kafin a yanka kirtani.