Amsa ga 'yata kan yaro mai usur a filin ƙanƙara

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso, na kuma karanta shi a natse. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara, kuma sanyin Otawa na bana bai takura muku ba.

Kin ce abokina, ɗan farin naki da har yau ba kya iya kiran sunansa, ya cika shekara 14, ya kuma matsa lamba sai an yi masa rajistar kwas ɗin alƙalancin hokin ƙanƙara. Kin ce ranar da kika je kallon wasan ƙaninsa kin ga wani yaro sa'ansa ya busa usur ya nuna wa koci mai furfura ƙofa, mutumin kuwa ya fita. Maigidanki ya ce yaron da ya saba korar sa'an ubansa a waje, wata rana a gida zai gwada. Ke kuma abin da ya fi tsaya miki a rai shi ne ihun da iyaye ke yi wa yaran nan daga wurin zama. Kina tambaya ko al'adar mutanen Kanada ce yaro ya yanke wa babba hukunci, kuma ko ya dace ɗan gidanmu ya shiga.

Ku bar shi ya shiga. Sai dai kin san kawunki ba ya gajarta zance, don haka ki gyara zama.

Da farko, ba raini ne ya sa suke ba yara usur ba, ƙarancin hannu ne. Ranar Asabar a lokacin sanyi, tun kafin gari ya waye ake fara wasannin yara a kowane fili na unguwa, ana gama wani ana shiga wani har dare, kuma kowane wasa yana buƙatar alƙali biyu ko uku. Ina za a samo manyan da za su cike wannan? Shi ya sa ake ɗaukar 'yan shekara sha uku, sha huɗu, a koya musu. Kuma ba haka kawai ake miƙa musu rigar ba. Hukumar Hockey Canada, wadda hedikwatarta ke Kalgari, ita ke da littafin dokoki, reshenta na yankinku kuwa shi ne Hockey Eastern Ontario. Akwai kwas da jarrabawa kafin kakar wasa ta fara, kuma kowace shekara sai an sabunta, ko da mutum ya tsufa a aikin. Sabon shiga da wasannin ƙananan yara yake farawa, a haɗa shi da wani, kuma lokaci-lokaci wani tsohon hannu yana zaune can gefe da takarda yana rubuta inda ya tsaya daidai da inda ya kauce. Ana biyansu ɗan abin da ba a rasa ba. Ga yaro mai shekarunsa ya fi yankan ciyawar maƙwabta.

To, batun da ya dami maigidanki. Kocin nan mai furfura ba yaron ya bi ba, rigar nan mai ratsin baƙi da fari ya bi, da littafin da ke bayanta. Mu ma ai mun san irin wannan. Da azumi yaro mahaddaci yakan ja tarawihi, kakanninsa suna sahu a bayansa, ya yi kabbara su yi, ya yi ruku'u su bi. Ana sallamewa ya juyo ya durƙusa ya gaishe su, babu wanda ya ce limancin ya lalata masa tarbiyya. Alƙalancin nan ma da ƙarar tashi yake ƙarewa. In yaro ya kasa bambance cikin fili da falon ubansa, to, da ma can akwai gyara a tarbiyyar, ba usur ne ya jawo ba.

Kuma ki lura, filin nan yana da nasa ladabin, mai tsauri ma fiye da yadda kike zato. Ba kowane ɗan wasa ke da ikon yi wa alƙali magana ba. Kyaftin ne kawai da mataimakansa, waɗanda za ki ga harafin C ko A a ƙirjin rigarsu, su ma tambaya aka yarje musu su yi kan yadda doka take, ba jayayya ba. Ki duba gaban teburin mai kula da agogo, za ki ga an zana rabin da'ira da jan layi, kimanin mita 3 daga bango. Wurin alƙali ne. In ya shiga ciki yana faɗin lambar mai laifi da laifinsa, ɗan wasan da ya kutsa masa zai iya shan minti 10 a bencin horo. Ƙaramin laifi minti 2 ne, babba minti 5. Koci in ya ɗaga murya ya wuce gona da iri, a ba bencinsa minti 2, wani yaronsa da bai ji ba bai gani ba ya je ya zauna a madadinsa, ƙungiyar ta koma tana wasa da mutum huɗu a gaban biyar. In ya ƙara, sai waje. Abin da kika gani ke nan, kuma ina da tabbacin kafin a kai ga ƙofa an yi masa kashedi.

Akwai kuma abubuwan da ba littafi ne ya koya musu ba, gado ne. Yaro ya ji ciwo ya kwanta, sai ki ga sauran sun sa gwiwa ɗaya a ƙasa, fili ya yi tsit. Ya miƙe, sai ɓangarorin biyu su dinga buga sandunansu a ƙanƙara, tafinsu ke nan tunda hannuwa suna cikin safa mai kauri. An tashi wasa, su jeru layi biyu suna musabaha ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ci da wanda aka ci, sannan da yawa su biyo su miƙa wa alƙalai hannu, har da kocin da ya gama harararka. Ni wannan layin ya fara sa ni son wasan, tun ina ɗalibi ina koyon tsayuwa a kan takalmin ƙanƙara a mashigin ruwan Rideau na Otawa da ke daskarewa da sanyi, yara 'yan shekara biyar suna wuce ni kamar iska.

Wasu al'adun ma wahala ce ta haife su. Tun bayan wasan farko da aka shirya a rufaffen fili a Montiriyal ranar 3 ga Maris 1875, alƙalai sun daɗe suna sunkuyawa su ajiye faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo a ƙasa tsakanin sanduna biyu kafin a fara, hannuwansu suna shan duka. Wani alƙali na Toronto mai suna Fred Waghorne aka fi danganta wa dabarar sakin faifan daga sama ya ja da baya, da kuma komawa ga usur bayan 'yan kallo sun fara zuwa da irin ƙararrawar shanun da alƙalai ke kaɗawa suna rikita wasa. Har gobe haka ake yi. Faifan nan baƙar roba ce mai tauri, nauyinta kusan giram 170, har daskarar da ita ake yi kafin manyan wasanni don kada ta yi tsalle. Ki saya wa abokina kariyar ƙwauri mai kyau, zai gode miki.

Abin da nake so ki sani sosai shi ne irin halin da aikin ke sassaƙa wa yaro. Ki ɗauki laifin da ake jinkirta hukuncinsa. An sa wa wani sanda a ƙafa ya faɗi, amma faifan yana hannun 'yan ƙungiyarsa. Alƙali ya gani, ba zai busa ba. Zai ɗaga hannu ɗaya sama cak, ya ci gaba da bin wasa, idonsa a kan faifai, lambar mai laifi a kansa yana maimaitawa. Mai tsaron ragar waɗanda aka cuta ya ruga benci, wani ɗan wasa ya shigo a madadinsa, sun zama shida a kan biyar. Wurin zama ya ɗauki ihu, kowa yana cewa ka busa mana. Shi kuwa hannu a sama, sai lokacin da masu laifin suka karɓe faifan sannan ya busa, ya tsaya cak, ya nuna yaron da buɗaɗɗen tafi, ba da yatsa ba, ya faɗi lamba da launin riga da laifi, ya yi alamar laifin da hannu, ya wuce teburi ba tare da ya bi ta gaban wanda ya hukunta ba. Yaro ɗan shekara 14 da zai iya riƙe numfashinsa haka alhali manya suna masa tsawa, ki gaya mini wace makaranta ce za ta koya masa wannan a aji.

Haka in koci ya nemi magana. Ana koya musu kada su yi ta daga nesa ana jiyo su. Ka je bakin benci, ka roƙe shi ya sauko daga kan katakon da yake tsaye a kai don idonku ya daidaita, ka saurare shi, ka faɗi abin da ka gani cikin jimla ɗaya ko biyu, ka ce mun gode koci, ka tafi. Ba zagi, ba gatse, ba nuna yatsa. Ni dai ban ga inda wannan ya saɓa da abin da muka taso a kai ba.

Na san za ki kawo zancen dambe, tunda kina ganin 'yan NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, a talabijin suna yar da safar hannu suna naushin juna, a ba su minti 5 su dawo. Wannan na ƙwararru ne. A wasan yara a ƙarƙashin Hockey Canada, wanda ya yi faɗa an kore shi daga wasan, galibi har da dakatarwa. Ko bangaza da jiki ma tun 2013 aka cire ta daga rukunin 'yan ƙasa da shekara 13. Wasannin da za a fara ba shi, babbar rigimarsu satar gida ce a shuɗin layi da yaron da igiyar takalminsa ta kwance.

Ihun iyaye kuwa, a nan kina da gaskiya, kuma ba zan ɓoye miki ba: shi ne abin da ke korar yawancin yaran da suka ajiye usur, ba wuyar dokoki ba. Amma kada ki ɗauke shi al'ada. Karya al'ada ne, su kansu mutanen ƙasar kunyarsa suke ji. Mutum ya kashe dukiya kan kayan wasa, ya tashi da asuba ya share dusar ƙanƙara a kan mota, ya sa a ransa ɗansa zai zama tauraro, sai ya huce a kan ɗan wani. Don haka ne ake sa uba ko uwa su yi kwas kan ladabin wasa a intanet kafin a yi wa ɗansu rajista, kuma ƙungiyoyi da yawa suna da ƙa'idar sai an kwana ɗaya cur, awa 24, kafin a kai ƙorafi. Don haka ne kuma aka ɓullo da koren kambu. Babban alƙali kambu ruwan lemo yake ɗaurawa a hannu, masu kula da layi ba sa ɗaura komai, amma a yankinku duk wanda bai kai shekara 18 ba yana ɗaura kore, don wanda zai buɗe baki ya tuna da yaro yake magana, kuma hukuncin cin zarafinsa ya fi tsanani. A Montiriyal aka fara, ku kuka ɗauka daga baya. Wasu suna cewa kambun yana nuna wa masu neman rigima wanda za su raina. Ni ina ganin amfaninsa ya fi.

Sai abin da ba ki rubuta ba amma na san yana ranki, wato launin fata. Zai shiga filaye da yawa inda shi kaɗai ne baƙi. Ni ma na yi alƙalancin nan, kuma a wani ƙaramin gari wani uba ya taɓa leƙo kansa ta saman gilashi ya ce in koma inda na fito tunda can babu ƙanƙara. Na tsayar da wasa, na gaya wa kocin masu masauki ba za a saki faifai ba sai mutumin ya bar wurin, iyayen da ke kusa da shi ne ma suka raka shi waje. A lokacin babu wata doka ta musamman. Tun 2021 Hockey Canada ta ware sashe na 11 a littafinta kan cin zarafi, kuma ɗan wasa ko kocin da ya zagi wani kan launi ko addini ko asali, mafi ƙarancin abin da zai sha dakatarwar wasa biyar ce. Ki gaya wa abokina ba shi ne na farko ba. Jay Sharrers ya shiga NHL yana kula da layi a 1990, a 2001 ya zama baƙar fata na farko da ya busa wasa a matsayin babban alƙali a gasar. Jarome Iginla kuwa, ɗan wasan da ya daɗe yana kyaftin ɗin ƙungiyar Kalgari a NHL, mahaifinsa ɗan Najeriya ne.

Naku aikin, ke da maigidan, ba shi da yawa amma yana da nauyi. Wasanninsa na farko ɗayanku ya kasance a wurin. Ku zauna nesa da iyayen ɓangarorin biyu, kuma ko me kuka ji kada ku tanka, domin da zarar an gane ɗanku ne kun ƙara masa kaya. In an wuce iyaka, akwai mai kula da alƙalai na gundumar, rahoto a rubuce ake kai masa. A mota kada ku fara da tambayar me ya sa ka busa kaza, ku bari ya ci abinci tukuna. Ɗakin canza kayan alƙalai ba wurin iyaye ko koci ba ne, kuma ƙa'idarsu ta hana babba ɗaya keɓewa da yaro, ki tabbata ya san haka. Wasan manya na dare, wanda ake gamawa a buɗe kwalabe a ɗakin canza kaya, wannan ba nasa ba ne, ko an yi masa tayin kuɗi mai tsoka. Da sanyi kuma rana gajera ce, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa, don haka ya dinga sa ƙaramar darduma a jakarsa. Tazarar da motar Zamboni ke gyara ƙanƙara tsakanin wasa da wasa ta ishe shi.

Kaya kuma kada ku sayi sababbi, ƙafarsa tana girma. Takalmi da baƙin wando da kariyar gwiwar hannu waɗanda aka taɓa amfani da su sun wadatar. Hular kwano ce kawai ba a wasa da ita: baƙa, mai tambarin CSA, wato hukumar tantance ingancin kaya ta Kanada, da rabin gilashin fuska. Rajistar kwas tana cika da wuri, ku duba tun ƙarshen Agusta. Ki ce da maigidan ya kira ni bayan isha'i mu yi magana ta maza, ki kuma shafa mini kan yaran.

Kawunki.