Akwai, yana mangaza

Ajiye turnabis ɗin nan ka zauna. Jiya ka tambaye ni, yau ka sake: wai me ya sa nake tura ka sayen kayan gyaran kwamfuta har Babbar Kasuwa wurin tsohon nan mai ɗaure fuska, wanda gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa, alhali ga sabon kanti nan kusa, mai kilim, mai samari masu fara'a, waɗanda duk abin da ka tambaya a WhatsApp kafin ka ɗaga ido sun ce akwai. Na san ba kishin aikin ne ya dame ka ba, ranar Yamai ce ke gasa ka a kan moto. Amma tunda ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi, sai ka ji.

Tsohon nan, kalmar da na fi ji a bakinsa ita ce babu. Don ita nake zuwa wurinsa. In ya ce babu, na san in juya kasuwar Katako ko ta Wadata tun da sauran rana. In ya ce akwai, hannunsa na kan abin yake faɗa. Kai kuwa da ire-irenka, a ba ku kujera mai laushi da ruwan sanyi, a kira ku "patoro", shi ke nan an saye ku. Ni ma an taɓa saye na da shayi kofi uku, ina da furfura a gemu.

A 2023 ne, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, lokacin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa aka rufe iyakokin Nijar. Motocin kaya sun yi layi a Malanville, ɓangaren Benin, gadar Gaya a toshe, duk wanda kayansa ke bin tashar ruwan Kwatano ya zauna yana ƙirga asara. Najeriya kuma ta yanke kuran, gari ya shiga duhu. Kowa a kasuwa ya san wannan, har da ni. Shi ne abin da ke ƙara ƙona mini rai.

Akwai wata Hajiya mai wurin buga takardu a Harobanda, can ƙetaren gadar Kennedy, kusa da jami'ar Abdou Moumouni. Shekara bakwai ba ta kai injinta wurin kowa ba sai ni. A watan Satumba ta aiko mini da kwamfutoci 6, HP EliteBook 840 G3, ɗalibai sun taso ta da aikin kammala karatu. Tana son SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, a duka shidan, gilashi 2 da suka fashe, da kilabiye 4, allon bugawa, da haruffansu suka mutu. Na je wurin tsohon, ya ce SSD biyu gare shi, sauran babu, kuma bai san ranar zuwansu ba. Na fito ina tsaki. A hanya na kira wani mai kanti da ake ta yabo a lokacin. Ban gama lissafa kayan ba ya ce, "Maigida, duka akwai, taho."

Na je. Aka shimfiɗa mini fuska, aka ɗora shayi. Ya ɗauko gilashi guda ya nuna mini, daidai ne, na duba lambar bayansa da idona. Ya ɗauko kilabiye guda, AZERTY, mai tsarin haruffan Faransanci, sabo fil. Na ce ina sauran? Ya ce suna mangaza, makulli na hannun ƙanensa, ƙanen ya tafi Doso gaisuwar mutuwa, gobe da hantsi zai dawo. Waɗanda na gani kuwa wai an riga an biya su, mai su na hanya. Ya ce in ina so a ware mini nawa sai in ba da kuɗi, don kaya na tashi kullum, gobe ba farashin yau ba ne. Wannan kam gaskiya ya faɗa, shi ya sa ƙaryar ta shige ni.

Jikka 240 na ƙirga masa. Jikka 150 na Hajiya ne, kafin alƙalami. Jikka 90 kuɗin lakwal ɗin yarana ne da na tara don Oktoba. Na fito na kira Hajiya da bakina na ce jibi ta aiko a ɗauka. Cinikin biri a sama na yi, na kuma sayar wa wata da birin tun ban gan shi ba.

Gobe ta yi, ƙane bai dawo ba. Jibi ya dawo, amma ya bar makullin a Doso. Rana ta biyar salula ta daina shiga. Rana ta takwas na je na zauna a kantin tun safe har la'asar, sai wani yaronsa, da ya gaji da ganina, ya ja ni gefe ya ce mangazar babu komai sai kwali, kayan maigidansu na cikin kwantena a Kwatano tun watan Yuli. Kuɗina ya ba wani ɗan Maraɗi ya shigo masa da kaya daga Kano ta ɓarauniyar hanya. Ashe ni ne jarin.

Kwana 24 kafin a kira ni. Da magariba ne, an ɗauke kuran, kanti duhu sai fitilar salula. Aka miƙo mini kwali ɗaure da salatif. Hajiya ta kira ni sau uku a ranar, kaina ya yi zafi, ban zo da inji ko ɗaya na gwaji ba. Na ɗauka na fito. Ka ji wautar ta biyu.

Da safe na buɗe. Kilabiye huɗun duka QWERTY, na ƙasar da ke rubutu da Ingilishi. Ka ce a canza a cikin Windows? Canza mana. Yaran Hajiya da ido suke bin haruffa, Faransanci suke bugawa, suna neman é da ç da à ba su gani, suna danna A yana fito da Q. Gilashin kuwa inci 14 ne, amma mai fil 40, injin Hajiya fil 30 yake ɗauka, bakin wayar ma ba ya shiga. SSD ɗin da aka ce sababbi ne na sa su a CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar SSD, huɗu daga ciki sun yi aiki fiye da awa 9,000. An ciro su daga matattun injuna an sa musu sabuwar leda.

Na koma da kwalin a kai kamar ɗan dako. Babu shayi ranar. Mutumin da ke kira na maigida ya ɗauko resi ya nuna mini wani ƙaramin layi a ƙasa, da Faransanci, cewa kayan da ya fita ba ya dawowa kuma ba a musanya shi. Ya kuma ce in karanta abin da aka rubuta a sama: gilashi 14, kilabiye HP, SSD 256. Babu lamba, babu AZERTY, babu kalmar sabo. Ya ce me aka rubuta da bai ba ni ba? Na yi niyyar kwamsariya wurin ƴan sanda, dattawan layin suka shiga tsakani, aka ce a yi haƙuri, lokaci ne ya zo da haka. Jikka 40 ya mayar mini, biyar-biyar, cikin wata huɗu, kullum sai na bi shi kamar ni ne mai cin bashin.

Kuɗin ba su ne suka fi ci mini rai ba. Hajiya ta aiko aka kwashe injinanta, ta kai wa wani yaro da ni na koya masa riƙon turnabis a nan inda kake zaune. Na biya ta kuɗinta cif da bashi. Har yau in mun haɗu tana gaishe ni da ladabi, ta tambayi iyali, ko linzamin kwamfuta ba ta sake aiko mini ba.

To yanzu in na aike ka, ba ruwanka da fara'ar kowa. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ban musa ba, amma ga baƙo aka faɗa, kai sayayya ka je. In an ce akwai, ka ce a ɗora a kan tebur, adadin da kake so, ba samfur guda ba. In ka ji kalmar mangaza, ka mayar da kuɗin aljihu. Ka tafi da injin ko da mataccen abin da ka cire, ka haɗa lamba da lamba. A bayan kowane gilashi akwai ta, irin LP140 ko B140 ko N140, sauran haruffan da ke biye su ne ke gaya maka ko zai shiga, kada ka tsaya a 140 ɗin ka ce ka gama. A kunna a gabanka. A rubuta lambar a resi, a rubuta kwana nawa ne garanti, mai kanti ya sa hannu, ba yaronsa ba.

Ba zan ɓata yawuna a kan bambancin RAM, ƙwaƙwalwar injin, tsakanin DDR3 da DDR4 ba, makaho ma in ya shafa tsagar ya sani. Inda za a cuce ka shi ne DDR3 da DDR3L, tsagarsu ɗaya, amma ɗaya wutar volt 1.5 yake sha, mai L ɗin kuma 1.35, kuma injuna irin 840 G1 da G2 mai L ɗin suke so. Caja ma haka, kada wani ya ce maka "duk ɗaya ne" don bakin ya shiga. Dell na da siririn fil a tsakiya da yake gane cajarsa da shi, in ta bogi ce injin zai kunnu, batir ya ƙi cika, mai shi ya dawo ya ce kai ka lalata masa.

Ku ƴan yanzu hoto ya gama da ku. A turo muku hoton kaya a salula, ku tura kuɗi, ku zo kuna ce mini "ai na gani". Hoton nan wataƙila a Dubai aka ɗauke shi, ko bara. Kuma abin da na fi ƙi a wurinka, na ji ka shekaranjiya kana ce wa mushen nan na Tawa ya dawo Alhamis, alhali batirin nasa ko nemansa ba mu fara ba. A shagon nan ba a sa wa mai kaya rana sai abin ya shigo ta ƙofar nan na gwada shi. In ya matsa, ka ce za mu kira shi.

Tashi ka cire batirin mushen ka sa a leda, ka tafi da shi wurin tsohon kafin azahar. In ya ce babu, ka wuce Katako. Man moto na cikin jarka a bayan ƙofa, kada ka zo mini da lissafin wani.