Kakanmu ya rasu a asibitin soja a Yaƙin Bama: ina za mu samo bayaninsa?

Tambaya: Wani mai karatu daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ya ce ƙanen kakansa ya tafi Yaƙin Bama (wato a ƙasar Myanmar ta yau, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu), aka aiko cewa ya rasu a asibiti, amma ko tsinke nasa bai dawo gida ba. Yana son ya san ko akwai rajistar mamatan, da inda kayansu suka shiga.

Amsa: Malam, Allah ya jiƙansa. Sojojin Najeriya sun yi wannan yaƙi a Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma tsakanin 1943 da 1945, galibi a yankin Arakan da kwarin Kaladan, kuma akan kwashe majinyata zuwa asibitocin Citagon da Kumilla, waɗanda yau suke Bangaladash.

Shawarata ita ce kada ka fara da takardun asibiti. Kundayen ayyukan asibitocin suna gidan adana tarihi na Kew a Landan, ƙarƙashin lamba WO 177, sai dai sun fi kawo adadin waɗanda aka kwantar da irin cututtukansu, da wuya su ambaci ƙaramin soja da suna. Ka fara da rajistar hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda ake dubawa kyauta a intanet. Wanda ya rasu a asibiti yakan sami kabari mai suna, saɓanin kusan mutum 27,000 da sunayensu kawai aka rubuta a dutsen tunawa na Rangun.

Lambar soja ita ce mabuɗi, domin akawun soja yakan rubuta mutum da sunan gari, kamar a ce Audu Kano, ko da daga ƙauye ya fito, kuma masu irin sunan suna da yawa. A lokacin, kowane soja yana rataye da alamu biyu masu lambarsa, ɗaya koriya ɗaya ja: koriyar ana binne shi da ita, jar kuma ana cire ta a matsayin shaidar rasuwa. Ku bincika tsohuwar adakar gida, wataƙila wata wasiƙa ta ɗauko lambar.

Batun kaya kuwa, bindiga da kaki na hukuma ne. Abin da ake lissafawa na mamaci shi ne kuɗinsa da ragowar albashi da ƙananan abubuwa irin su carbi ko laya, kuma a lokacin saƙon magada yakan bi ta ofishin Di'o zuwa hakimi da dagaci. Kayan kansu kada ka sa rai da su yanzu. Takardar aikowa ce ake iya dacewa da ita, a fayilolin Lardin Kano da ke gidan adana tarihi na Kaduna, tunda Ringim a lardin take a lokacin.