Koyar da yara rawar bibbiyu a makarantar ƙauye

Malama, kin tambaya yadda za ki koya wa ɗalibanki na wani ƙauye a Dawakin Tofa rawar bibbiyu su riƙa tafiya tare, da kuma ko ya dace a haɗa maza da mata.

Ki fara da gaɗa, domin 'yan mata sun riga sun san ta daga dandali. Yarinyar da ta saki jiki ta faɗa baya, ƙawayenta suka tare ta suka ɗago ta, ta koyi yarda da abokin wasa, wanda shi ne ginshiƙin kowace rawar mutum biyu. Daga nan sai tafi da taku, kafin a kawo makaɗi. A rawar Ƙoroso, wato rawar gargajiyar nan ta Kano da ake yi bibbiyu, kacau-kacau ɗin da ake ɗaurawa a ƙafa yana tona wanda ya saɓa wa ɗan'uwansa, saboda haka ki horar da kunnensu kafin ki damu da kyan juyi.

Game da haɗa jinsi, a ganina ki bar mace da mace, namiji da namiji, musamman waɗanda suka fara girma, kuma ki nemi yardar iyaye da shugaban makaranta tun kafin gwaji. Kuskuren da ya fi damuna shi ne yi wa yaro mai sanyin jiki ko yarinya mai kazar-kazar ba'a a gaban 'yan'uwansu, domin irin wannan kunya tana daɗewa a zuciyar yaro.

Ɗaga mutum sama kuwa, kamar yadda ƙwararrun 'yan Ƙoroso ke yi, kada ki gwada shi ba mai horarwa. Ki tuntuɓi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa.