Amsa: Ina ake samun littattafai kyauta ba na sata ba?

Ɗan'uwa na Kaura Namoda, ka tambaya ko akwai inda za ka karanta littafi kyauta a waya ban da PDF ɗin da ake yawo da su a WhatsApp. Akwai, sosai ma.

In na Turanci ne, ɗakin karatu na intanet mai suna Project Gutenberg na nan tun 1971, da littattafai sama da 70,000, yawancinsu tsofaffin da wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare a Amurka. Ka zaɓi EPUB (nau'in fayil ɗin littafi na karantawa a waya) mara hotuna, bai cin data, ka sauke lokacin da sabis ya zo ka karanta ko ya ɗauke. A shafin Open Library kuma aro ake yi: ka yi rajista, ka ari littafi, lokaci na cika ya rufe kansa, sai dai an cire da yawa bayan shari'arsu da kamfanonin ɗab'i. Tunda ka ce a Poli kake, leƙa shafin NOUN, jami'ar karatu daga gida ta Nijeriya, littattafan kwasa-kwasansu a buɗe suke ga kowa. Na yara da Hausa kuwa, shafin African Storybook.

Inda gizo ke saƙa shi ne littattafan marubutanmu na Hausa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa, don haka wanda aka turo maka a guruf galibi ba da izinin mai shi ba ne, ko da an rubuta "sadaka" a sama. Wasu marubutan da hannunsu suke sakawa a manhajar Wattpad kyauta, wannan kam halas ne. Masu sayarwa kuma, duba manhajar ArewaBooks, ko ka tuntuɓi marubuciyar kai tsaye ka biya ta banki.