Ka bi malamin, ba sunan jami'a ba

Ɗan uwa, ka ce jami'o'i biyu sun ba ka gurbin PhD a fannin lissafin kwamfuta, ɗaya mai babban suna, ɗayar ƙarama amma akwai farfesan da ke aiki kan abin da kake so, irin matsalar P da NP, wato tambayar ko duk matsalar da kwamfuta ke iya tantance amsarta da sauri za ta iya warware ta da sauri. Ni dai ka bi malamin. Wannan fannin allo ne da alli, mutum biyu suna ta fama da hujja ɗaya har wata uku, to in ba shi da lokacinka ko jininku bai haɗu ba wallahi shekara 5 ɗin nan za ta yi maka tsawo.

Ka shiga DBLP, shafin intanet mai jera takardun binciken kimiyyar kwamfuta, ka ga ko yana fitar da takardu a manyan tarukan masana fannin, STOC ko FOCS ko SODA, kwanan nan, kuma ko sunan ɗalibansa na fitowa tare da nasa. Ka tura musu saƙo, sau nawa suke zama da shi a sati? Abin da ke ban tsoro ɗaya ne, in shi kaɗai ne a sashen ya tashi ya koma wata jami'a fa? Ka tambaya ko akwai na biyu, da kuma tallafin shekara nawa aka rubuta maka a takarda.